Kujerar Janiba da Ankon Zumunta

A watan Agustan 1948 wakilan ikilisiyoyi 147 suka hallara a Amstadam ta ƙasar Holan, suka kafa Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, wadda ta yi mazauni a Janiba. Yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, kuma abin da ake nema shi ne ɗarikun Kirista da suka yi ɗaruruwan shekaru suna hararar juna su zauna a inuwa ɗaya. Cikin kowane wakili ɗari, kusan shida ne kawai mata. Duk da haka sai da maganarsu ta shiga zauren, domin tun kafin taron an rarraba takardun tambayoyi, mata daga ƙasashe fiye da 50 suka amsa, suka faɗi irin hidimar da suke yi wa ikilisiya da irin matsayin da ake ajiye su. Sarah Chakko, shugabar wata kwalejin mata a Indiya, ita ta gabatar da rahoton. A 1951 ta zama mace ta farko cikin jerin shugabannin Majalisar.

A nan gida kuwa, tun zamanin 'yan mishan wani abu dabam ya tsiro a garuruwa irin su Garkida da Numan da Gindiri da Kagoro, ba takardar tambaya, ba rahoto. Matan ikilisiya suka fara keɓe rana guda a tsakiyar mako, su yi addu'a, su koyi karatun Littafi Mai Tsarki, su yi waƙa, su tara 'yan kwabbai, su je barkar haihuwa da gaisuwar rasuwa. Ita ce Zumuntar Mata, wadda yau da wuya ka shiga majami'ar da ake sujada da Hausa ka rasa ta, daga Filato zuwa Adamawa, daga kudancin Kaduna har Maraɗi. Janiba da zumunta duk sun tsallaka katangar ɗarika, kuma duk sun ɗaga darajar mace a ikilisiya. Amma hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma abin da kowacce ta samo wa mata ya sha bamban ƙwarai.

Hanyar Janiba ta ƙidaya ce da taro da rubutu. A ƙirga mata nawa ne a zaure, a rubuta, a dawo bayan shekara bakwai ko takwas a sake ƙirgawa. Wannan yana iya zama abin dariya ga wanda bai taɓa zama a majalisar da ba kowa irinsa a ciki ba, amma ya yi aiki. A 1974 aka yi taro a Balin kan wariyar da ake nuna wa mata, ƙarƙashin jagorancin Brigalia Bam ta Afirka ta Kudu, kuma shekara guda bayan nan, a babban taron Nairobi, mata suka kai kashi 22 cikin ɗari na wakilai. A Bankuba ta Kanada a 1983 suka kusa kashi 30. Tsakanin waɗannan biyun aka yi nazarin shekara uku kan zaman maza da mata a ikilisiya, wanda ya ƙare da taron Shafil ta Ingila a 1981, inda aka nemi a raba kujeru rabi da rabi. Wakilan Otodoks suka ja da baya, aka karɓi abin a matsayin buri, ba doka ba.

Babban yunƙurin ya zo ne a Istar 1988. Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta kammala shekaru gomanta na mata a Nairobi a 1985, aka kuma lura cewa ikilisiyoyi ba su ko motsa ba. Sai Majalisar Ikilisiyoyi ta keɓe nata shekaru goman, daga 1988 zuwa 1998, domin ikilisiyoyi su tsaya tare da mata. Abin da ya fi burge ni a duk wannan tarihi ya faru ne a tsakiyar wa'adin. Maimakon a aika wasiƙa a jira amsa, sai aka tura mutane, aka kira su rayayyun wasiƙu: tawaga 75, maza da mata, suka ziyarci ikilisiyoyi kusan 330 da ƙungiyoyin mata kusan 650. Sukan zauna da bishof da dattawa su ji, sannan su zauna da mata su kaɗai su ji. Sau da yawa kamar ba ikilisiya ɗaya ake magana a kai ba. Shugabanni su ce lafiya lau, mu nan ba mu da wannan matsala, mata kuma, da an rufe ƙofa, su fara ba da labarin duka a gida, da cin zarafi a hannun waɗanda aka ba amanar kiwon garke. Babu nahiyar da ta tsira, Turai da Amurka ma haka. A Harare a ƙarshen 1998 mata fiye da 1,000 suka taru don rufe shekarun, suka aika wa babban taro saƙon da ya kira cin zarafin mata zunubi.

To, sai me? Nan ne raunin Janiba ya fito. Tun a 1950, a Toronto, Majalisar ta bayyana cewa ita ba uwar ikilisiyoyi ba ce, ba ta da ikon tilasta wa kowa komai. Tana iya roƙo, tana iya kunyatarwa, amma ba ta iya canza tsarin mulkin ko da ƙaramar majami'a ɗaya a Biu. Ikilisiya tana iya sa mace cikin tawagarta don a cika adadi, ta dawo gida a ajiye takardun a kabad. Matan da suka yi aikin da kansu sun ce abin da aka so ya zama tsayawar ikilisiyoyi tare da mata ya koma tsayawar mata tare da mata. Ita kanta Majalisar, sai a 2013 a Busan ta Koriya ta Kudu ta zaɓi mace ta shugabanci kwamitinta na tsakiya, wato Agnes Abuom ta Kenya, wadda ta rasu a 2023. Kujerar babban sakatare kuwa, daga Visser 't Hooft na farko har zuwa Jerry Pillay da ya hau a 2023, ba mace ko ɗaya da ta taɓa zama a kai.

Akwai kuma tazara. Takardun Janiba da Turanci da Faransanci da Jamusanci suke fitowa, kuɗin tafiyar da ita mafi yawa daga ikilisiyoyin Turai yake zuwa, masu halartar taronta kuma masu digiri ne da fasfo. Wannan ya ba masu adawa sanda a hannu: da an ta da maganar, sai a ce ai baƙon abu ne, Turawa suka kawo. Zargin bai cika gaskiya ba, don kuwa waɗanda suka fi riƙe tutar, irin su Chakko da Bam da Abuom da Aruna Gnanadason ta Indiya, ba Turawa ba ne. Amma ya yi tasiri.

Zumunta ba ta da wannan matsalar ko kaɗan. Ba wanda zai ce mata baƙuwa. Da Hausa take magana, harshen da ya haɗa 'yar Babur da 'yar Bachama da 'yar Berom da 'yar Bajju a layi ɗaya, anko iri ɗaya, tulu da ganga da kacau-kacau suna tashi. Ranar jana'iza a unguwa ba a tambayar ɗarikar mamaci; matan ECWA da na COCIN da na Baftis da Zumuntar Mata Katolika za su zo da itace da hatsi, su kwana ana waƙa, su dafa wa baƙi. Waƙar da aka tsara a wata majami'a a Mubi, kafin shekara ta zagayo ana rera ta a Kafanchan, ba a nemi izinin kowane kwamitin tauhidi ba. Abin da malamai suke ta muhawara a kai tun 1948, wato yadda Kiristocin ɗariku dabam-dabam za su yi tarayya, waɗannan mata suna yin babban rabonsa kowane mako. ECWA ba ta cikin Majalisar ta Janiba, cocin Katolika ma ba mamba ba ce, amma matansu suna cikin wannan haɗin kai na ƙasa dumu-dumu. Ko a cikin Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wato TEKAN, da aka kafa a 1955, da ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, ta 1976, taron mata yakan cika ya batse ba sai an yi ta roƙo ba.

An ga ƙarfin nan ƙarara a 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wato EYN. A watan Oktoba Boko Haram ta mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka yi hijira zuwa Jos. Majami'u sun ƙone, fastoci sun watse, maza da yawa an kashe su. A sansanonin gudun hijira da gidajen dangi, matan zumunta ne suka san wace ce ta zama gwauruwa, wane yaro ne ya rasa iyaye, wa ya kwana bai ci ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2015 ƙungiyar mawaƙan zumuntar EYN ta zagaya Amurka tana waƙa, tana kai labarin abin da ya sami mutanenta, ta yi wa ikilisiyarta jakadanci a lokacin da ta fi buƙata.

Amma ita wannan EYN, wadda ta cika shekara 100 a 2023 idan aka ƙirga daga zuwan 'yan mishan Garkida a 1923, kuma mamba ce a Majalisar Janiba, ba ta shafe mace ta zama rabaran. ECWA ma haka, cocin Angilikan ta Nijeriya ma haka. Mace tana iya shiga kwalejin tauhidi ta Bukuru ta fi kowa maki, ta fito ta koyar da waɗanda za a shafe, ita kuwa ba za a shafe ta ba. Zumunta tana tara kuɗi, tana sayen kujeru da kwanon rufi, tana ciyar da taron fastoci, tana fita bishara ƙauye-ƙauye, amma inda ake yanke shawarar yadda za a kashe baiko da inda za a tura fasto, muryarta ƙarama ce. Uwar zumunta mace ce mai iko, kowa ya sani, fasto mai hankali ba ya faɗa da ita. Sai dai ikonta na tasiri ne, na a je a ga Baba Fasto a gida a yi masa magana a hankali. Idan ya ƙi, ba inda aka rubuta cewa dole ya ji.

Ba na so in yi wa masu wannan ra'ayi rashin adalci. Waɗanda ba su yarda a shafe mata ba suna da hujjarsu daga wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Korintiyawa, Otodoks da Katolika kuma suna kafa hujja da al'adar manzanni, har Fafaroma John Paul na Biyu ya rufe ƙofar muhawarar a cocinsa a 1994. Masu goyon baya su ma suna da tasu, daga wasiƙar Galatiyawa da labarin matan da suka fara kai albishir na tashin Yesu. Mata da yawa a zumunta, idan ka tambaye su, za su ce ba sa neman mumbari, kuma ba tsoro ya sa su faɗi haka ba. Wannan saɓani ne na gaske, yana kuma cikin abubuwan da suka dagula zama tsakanin Otodoks da Furotesta a Majalisar, a shekarun da ikilisiyar Jojiya ta fice a 1997, ta Bulgeriya ta bi ta a 1998. Ya sake kunno kai a Oktoban 2025 da aka sanar da Sarah Mullally a matsayin Akbishof na Kantabari, cocin Angilikan ta Nijeriya ta ƙi amincewa, ta kawo dalilai da suka haɗa da shugabancin mace da kuma matsayin Mullally kan albarkatar masu auren jinsi. Duk mai cewa haɗin kan ikilisiya da adalci ga mata kullum tafiya ɗaya suke, bai bi tarihin ba.

Shi ya sa nake ganin maganar shafewa ba ita ce ma'aunin da ya fi dacewa da wannan kwatanci ba. Ma'aunin shi ne matar da ta zo zumunta ranar Laraba da kumburarren ido. Me ake yi mata? Za a rungume ta, a yi mata addu'a, wata ta kai ta asibiti, wata ta ajiye ta a ɗakinta kwana biyu. Janiba ba ta iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Daga nan sai tsofaffi su zaunar da ita: “'Yata, yi haƙuri. Duk mun sha haka. Ki rufa wa mijinki asiri, ki duba 'ya'yanki.” A mayar da ita. Idan mijin dattijon ikilisiya ne, ko mai ba da gudummawa mai tsoka, maganar takan mutu a nan. Zumunta ta ƙware wajen jinyar rauni, amma ba a gina ta don tuhumar wanda ya ji raunin ba, kuma sau da yawa ita ce ke koya wa amarya tun ranar kai ta ɗaki cewa shiru ado ne. Abin da rayayyun wasiƙu suka yi, na tilasta wa shugabanni su ji abin da suka daɗe suna kawar da kai daga gare shi, da abin da matan Harare suka yi, na kiran duka da sunan zunubi ba “saɓanin ma'aurata” ba, shi ne daidai abin da zumunta ta rasa. Ko sa baƙaƙen kaya ranar Alhamis da Majalisar ke yaɗawa, wanda aka koyo daga iyayen da ke zanga-zangar neman 'ya'yansu da aka ɓatar a Ajantina, amfaninsa ke nan: ya fito da maganar daga ɗaka zuwa bainar jama'a.

Ni a ganina zumunta ta fi Janiba yi wa haɗin kan Kirista aiki, nesa ba kusa ba, Janiba kuma ta fi zumunta yi wa adalci aiki. Kuma ina zargin cewa ƙarfin zumunta ya zame wa shugabanni maza mafaka. Idan aka ce ina matsayin mata, sai a nuna su cikin anko sun cika rabin majami'a, a ce ga su nan, me kuma suke nema? An ba su fili mai faɗi, an kewaye shi, ana kuma nuna faɗinsa a matsayin hujjar cewa ba shinge.

Akwai wuraren da hanyoyin biyu suka haɗu, kuma a nan ne aka fi ganin motsi. Tarayyar Lutaran ta Duniya ta yanke tun a taronta na Budafes a 1984 cewa mata kada su gaza kashi 40 cikin ɗari a zaurukanta, ta fitar da manufar adalci tsakanin maza da mata a 2013. Ikilisiyar Lutaran mai hedkwata a Numan, wadda zumuntarta ba ta bambanta da ta maƙwabtanta a anko ko waƙa ba, tana shafe mata tun shekarun 1990, kuma akbishof ɗinta, Musa Panti Filibus, shi ya shugabanci Tarayyar daga 2017 zuwa 2023, a zamaninsa aka zaɓi Anne Burghardt ta Estoniya ta zama mace ta farko babbar sakatariya. Numan ba ta fi Kwarhi kusa da Turai ba, duk jihar Adamawa ce. Saboda haka hujjar cewa al'adarmu ba za ta ɗauka ba tana buƙatar a sake duba ta.

Mercy Amba Oduyoye 'yar Gana, wadda ta koyar a Jami'ar Ibadan kafin ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar daga 1987 zuwa 1994, ta fahimci tazarar tun da wuri. Tana tsakiyar Janiba ta koma Akara a 1989 ta tara mata masana tauhidi na Afirka, suka kafa da'irarsu, da nufin su rubuta da kansu abin da ke damun macen Afirka: takaba da wulaƙancin da ake yi wa gwauraye, rabon gado, gorin rashin haihuwa, daga baya kuma cutar ƙanjamau. Waɗannan su ne maganganun da ake yi ƙasa-ƙasa bayan an tashi daga zumunta. Sai dai su ma yawancin rubuce-rubucensu da Turanci da Faransanci ne, uwar zumunta a Michika ba ta gan su ba.

Rebecca Dali ta EYN ta bi ta ɗaya ɓangaren, daga ƙasa zuwa sama. Ta yi karatun tauhidi har digiri na uku, ta kafa cibiyar taimakon gwauraye da marayu, kuma a shekarun rikici ta riƙa bin ƙauyuka tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, tana karɓar matan da suka kuɓuto daga daji waɗanda danginsu suka ƙyamace su, Kirista da Musulmi. Wannan aikin zumunta ne da aka haɗa da biro da rajista. A 2017 aka gayyace ta Janiba, aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello ta ayyukan jinƙai.

Abin da ya rage wa zumunta ba sai ta jira an gama gardamar shafewa ba, wadda wataƙila ta wuce zamaninmu. Akwai abubuwan da ba su taɓa koyarwar kowace ɗarika ba: wakiliyar mata mai ƙuri'a a majalisar dattawa da ta gunduma, ba mai zuwa karanta rahoto ta fita ba, sa hannun ma'ajiyar zumunta a kan asusun da mata suka tara, rubutacciyar ƙa'ida kan abin da za a yi idan mace ta kawo ƙarar duka, ko da wanda ake ƙara yana zaune a kujerar gaba, tare da sanin cewa Nijeriya tana da dokar hana cin zarafi tun 2015 kuma ikilisiya ba ta fi ƙarfinta ba. Majalisar Janiba ta yi shekara goma tana roƙon irin waɗannan ba ta da abin matsa lamba. Matan zumunta su ne mafi yawan masu zuwa sujada, su ke dafa abincin kowane babban taro, kuma babu faston da zai so ya hau mumbari ranar Lahadi ya tarar layinsu ba kowa.